Suna Linzami: Ma'ana da Asalin Sunayen da Muke Kiran 'Ya'yanmu

  Ina fatan an kammala aikace-aikacen safe, yara sun tafi makaranta, an ɗan samu sararin zama. Mai tankaɗe ta ci gaba da tankaɗenta, mai ɗinkin hula kada ta ajiye allurarta, aron kunne kawai nake nema.

Yau maganarmu a kan suna ce. Ke da kike saurarena, kin san ma'anar sunanki? Kin san dalilin da ya sa sunan da ake kiran ki da shi a gida ya sha bamban da wanda aka yanka miki rago da shi? Kada ki ce wannan zancen maza ne. Gaskiya ne su ke taruwa a ƙofar gida da sassafe, a raba goro da dabino, liman ya yi addu'a, maroƙi ya ɗaga murya ya sanar da sunan jariri. Amma liman sau ɗaya yake faɗar sunan nan a zaure, mu kuwa a tsakar gida muke kiran yaro sau ɗari a wuni. Sunan da kaka ko goggo ko ungozoma ta laƙa wa yaro, sau da yawa shi ke bin sa har tsufa. Hausawa na cewa suna linzami ne, to rabin linzamin nan a hannunmu yake.

Bari mu fara da sunan yanka. A ƙasar nan mazhabar Imamu Malik muke bi, kuma littafin Risala na Ibnu Abi Zaid, mutumin Ƙairawan, wanda malamanmu ke karantarwa a zaure, ya yi bayanin wannan yanka da ake kira aƙiƙa. Dabba ɗaya ce, ko namiji aka haifa ko mace, irin wadda ta isa layya, a yanka ta da hantsi a rana ta bakwai. Idan an haihu bayan alfijir ya keto, ba a lissafa wannan ranar. Shi ya sa idan kin sauka ranar Alhamis da rana, sai a fara ƙirga daga Juma'a, suna ya faɗo wata Alhamis ɗin. Idan kuwa kafin asuba kika sauka, ranar ta shiga lissafi, suna ya kama Laraba. An so a aske gashin jariri, a yi sadaka da kwatankwacin nauyinsa na zinariya ko azurfa. Shi sunan kansa ba dole ne ya jira kwana bakwai ba, domin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa wa ɗansa suna Ibrahim tun a daren da aka haife shi. Wannan ya yi daidai da abin da muka saba, inda uba ko malami ke yi wa jariri huɗuba a kunne tun ranar haihuwa, a ɓoye sunan sai ranar taro.

To kafin Musulunci ya iso ƙasar Hausa fa, da wane irin suna ake kiran mutane? Ki duba jerin sarakunan Kano na farko yadda littafin tarihin Kano ya kawo su: Bagauda, Warisi, Gijimasu, Naguji, Guguwa, Shekarau, Tsamiya. Babu na Larabci ko ɗaya a cikinsu. A zamanin Sarki Yaji, wanda ya yi mulki daga 1349 zuwa 1385, lokacin da Wangarawa suka zo daga Mali da addini, an ji sarki da suna Ali. Daga baya kuma sai ga Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, ga Muhammadu Kisoke, ga Abubakar Kado. Kin lura? Kowanne suna biyu gare shi, na Musulunci a gaba, na gida a baya. Ashe Bahaushe bai zubar da sunayensa na gado ba, matsa musu ya yi suka koma laƙabi. Haka muke tafiya har yau, ga sunan yanka, ga sunan da ake kira.

Yanzu mu ɗauki sunayenmu na mata ɗaya bayan ɗaya. Hadiza, wato Khadija, sunan uwargidan Annabi (SAW) ne, kuma asalin kalmar a Larabci tana nufin wadda aka haifa kafin cikinta ya cika, kamar dai mu ce bakwaini. Darajar mai sunan ce ta ɗaga sunan. Mu ne muka mai da shi Dije da Dija, ita kuwa Kubura daga laƙabinta ne, Khadijatul Kubra, wato Hadiza babba. A'isha na nufin rayayya, mai rayuwa. A bakinmu ta zama A'i da Shatu, laƙabinta kuma Indo, wasu su ce Humaira, wato 'yar fara mai ɗan ja. Faɗimatu ta fito ne daga kalmar da ke nufin yaye. Binta da muke kiran ta da shi daga kalmar bintu ne, wato 'ya, saboda ita 'yar Manzon Allah ce. Zara'u ma laƙabinta ne, ma'anarsa mai haske, haka Batulu, wadda ta keɓe kanta ga ibada. Ke nan Fati da Binta da Zara'u da Batulu duk takwarorin juna ne, ko da su ba su sani ba.

Halima na nufin mai haƙuri, wadda ba ta da saurin fushi, kuma sunan matar da ta shayar da Annabi (SAW) ne. Sadiya da ake haɗa mata ba wani suna ne daban ba, ƙabilarta ce, Banu Sa'ad, kamar yadda za a ce Bakatsiniya ko Bagobira. Suwaiba ma ta shayar da shi, tun kafin Halima. Amina sunan mahaifiyarsa ne, daga kalmar aminci. Zainabu, wadda muke gajartawa mu ce Abu, Larabawa na kiran wata bishiya mai ƙamshi da shi. Hauwa'u kakarmu ce duka, laƙabinta Kulu, wasu kuma su ce Jidda ko Maijidda saboda labarin da ake yi cewa a garin Jidda kabarinta yake. Maryamu, wadda muke ce wa Mairo, ita kaɗai ce macen da Alƙur'ani ya ambata da sunanta, har sura ta 19 ke ɗauke da shi. Bilkisu kuwa, sarauniyar Saba, Alƙur'ani ya ba da labarinta da Annabi Sulaimanu amma bai faɗi sunanta ba, a littattafan tafsiri aka samo shi. Rabi kuma Rabi'atu ce, wato ta huɗu. Shahararriyar baiwar Allah ɗin nan ta Basra, Rabi'atul Adawiyya, an ruwaito cewa ita ce 'ya ta huɗu a gidansu.

Wannan lissafi ya kai mu ga sunayen maza. Mutanenmu na son sunan Annabi (SAW) ƙwarai, har magidanci ya sa wa 'ya'yansa maza duka Muhammadu, wanda ke nufin abin yawan yabo. To yaya za a bambanta su? Sai aka ɗauko ƙirgen Larabci. Na farko Auwalu, shi ne Lawal ko Lawan, na biyu Sani, na uku Salisu, na huɗu Rabi'u, na biyar Hamisu, sai Sadisu, Sabi'u, Saminu, Tasi'u, na goma Ashiru. Wasu kuma sai su haɗa da siffofin Annabi: Aminu amintacce, Bashiru mai bushara, Naziru mai gargaɗi, Mustafa da Muntari zaɓaɓɓe. Yau an sake, za ki ga Salisu ɗan fari ne saboda sunan kawunsa ya ci, amma asalin abin ke nan.

Kusan kowane babban suna yana da abokin tafiyarsa. Abubakar shi ne Garba, shi ne Habu da Buba, a Barno kuma Bukar. Umaru shi ne Sanda da Faruƙu. Aliyu shi ne Haidar, wato zaki, kuma shi ake yi wa kirari da Gadanga. Musa shi ne Kallamu, saboda Allah ya yi magana da shi. Ibrahim shi ne Iro, shi ne Halilu, badaɗin Allah. Zakariyya'u ya zama Ya'u, Adamu ya zama Ado, Abdullahi ya zama Audu. A Kano akan kira Yusufu da Maitama, kamar marigayi Ɗanmasanin Kano Yusuf Maitama Sule, wanda ya rasu a 2017. Usman kuwa Shehu ake ce masa, don girmama Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda ya rayu daga 1754 zuwa 1817. Shi ya sa cikakken sunan shugaban ƙasar Nijeriya na 1979 zuwa 1983 yake Shehu Usman Aliyu Shagari.

Akwai kuma sunayen da asalinsu na garuruwa ne ko na manyan malamai. Buhari nisba ce zuwa Bukhara, wani birni da ke ƙasar Uzbekistan a yau, garin Imamu Buhari mai littafin hadisi. Sayuɗi daga Asyuɗ ne ta ƙasar Masar. Jilani na Shehu Abdulƙadir ne na Bagadaza, Tijjani kuma na Shehu Ahmadu Tijjani, wanda ya rasu a birnin Fas na Maroko a 1815. Zama da Fulani ma ya ba mu nasa. Dikko ɗan fari ne, Sambo mai bi masa, Bello kuma ana fassara shi da mataimaki, ya kuwa bazu ne albarkacin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ɗan Shehu. Sunayen annabawa irin su Ibrahim, Isiyaku, Yakubu, Yusufu da Dauda, malaman Larabci da kansu sun ce asalinsu ba Larabci ba ne. Shi ya sa za ki ji maƙwabtanmu Kiristoci ma suna da Yakubu da Dauda da Saratu.

To, uwargida, mu shigo cikin gida, wajen sunayen da mu mata muka fi ƙwarewa a kansu. Na farko sunan rana. Su kansu ranakun mako da Larabci muke kiran su: Lahadi ɗaya, Litinin biyu, Talata uku, Laraba huɗu, Alhamis biyar, Juma'a ranar taruwa, sai Asabar. Yarinyar da aka haifa ranar Lahadi ita ce Ladi, namiji Ɗanladi. Ta Litinin Altine ko Tani, namiji Ɗanliti. Ta Talata Talatu, namiji Ɗantala. Ta Laraba Larai ko Balaraba, namiji Bala ko Balarabe, ba wai don ya haɗa jini da Larabawa ba. Ta Alhamis Lami, namiji Ɗanlami. Ta Juma'a Jummai, namiji Ɗanjuma. Ta Asabar Asabe, namiji Ɗan'asabe. Ba mu kaɗai ke da wannan al'ada ba. 'Yan'uwanmu mazauna zango a Kumasi sun san cewa a wurin Asante Kofi ɗan Juma'a ne, Kwame ɗan Asabar, kamar Kofi Annan da Kwame Nkrumah.

Na biyu sunan lokaci. Wadda aka haifa cikin watan azumi Azumi ce, namiji Ɗan'azumi ko Labaran. Na ranar salla Sallau, mace Tasalla. Wadda ta zo tsakiyar damina Marka, wanda aka haifa ruwa na zuba Anaruwa, na lokacin noma Nomau. Na uku kuma sunan da ke faɗar matsayin yaro a ɗakin uwarsa. Namijin da ya biyo bayan mata Tanko ne, macen da ta biyo bayan maza Kande. Wanda ya daɗe a ciki har aka ga kamar ya shekara shi ne Shekarau, mace Shekara, kin ga kuwa tun zamanin sarakunan farko na Kano ake da wannan suna. Wanda aka samu bayan an daɗe ba a haihu ba Tunau. Mai yatsa shida Cindo. Na ƙarshe Auta. Wanda mahaifinsa ya rasu ya bar cikinsa Audi, wanda ya tashi maraya tun yana jariri Talle. Kakanninmu ba su da kalanda a bango, amma daga jin sunan mutum sai a san ranar da ya zo duniya da halin da gidan ke ciki.

'Yan biyu kuwa sunansu a shirye yake, Hasan da Husaini, Hasana da Husaina, mai bi musu Gambo, mace ko namiji. Amma ki sani jikokin Annabi (SAW), Hasan da Husaini, ba tagwaye ba ne. An haifi Hasan a shekara ta 3 bayan hijira, Husaini a ta 4. Al'adarmu ce ta ba tagwaye sunan, ba wajibi ba ne. Shehu Usmanu da kansa, da aka haifa masa 'yan biyu a 1793, namijin ya sa masa Hasan, macen kuwa ya sa mata Asma'u, sunan 'yar Sayyidina Abubakar. Ita ce Nana Asma'u, wadda ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta kafa tsarin 'Yan Taru, inda jajoji ke ɗaukar karatu daga wurinta su kai wa mata har ƙauyukansu. Ta rasu a 1864. Duk mai 'ya Asma'u ko Ma'u, ga labarin da ya kamata ta riƙa ba ta.

Sai sunan alkunya, wanda kowaccenmu ta sani a aikace. An haifa miki ɗa, maigida ya mayar da sunan mahaifinsa. Yaya za ki buɗe baki ki kira sunan surukinki gatsau a tsakar gida, balle ki haɗa da tsawa? Sai a ce Abba, ko Baba, ko Baffa, ko Mai-sunan-malam. Idan mace ce ta ci sunan kakarta sai a ce Ummi, wato uwata, ko Mama, ko Inna, ko Hajiya, 'yan zamani kuma su ce Walida, wato mahaifiya. Haka kunyar ɗan fari take, uwa ba ta kama sunansa, haka na miji, sai dai maigida, ko Malam, ko Alhaji, ko baban wane. Wata dattijuwa Bahaushiya ta ƙasar Zazzau, Baba ta Karo, wadda wata Baturiya mai suna Mary Smith ta rubuta tarihin rayuwarta aka buga a 1954, ta ba da labarin irin wannan kunya ta ɗan fari tun zamaninsu. Ladabi ne mai kyau. Abin da kawai zan ce, kunyar suna kada ta zama kunyar kulawa. Ko ba ki kira sunan ɗan farinki ba, ki ja shi a jiki, ki san damuwarsa, domin shi bai san wata al'ada ba, uwa kawai ya sani.

Yanzu ina so ki ajiye abin da ke hannunki ki saurare ni da kyau, don mun zo kan sunaye masu nauyi. Ajuji, Ayashe, Abarshi, Abarta, Barau, Barmani, Bawa, Dangana. Waɗannan sunayen 'ya'yan mai wabi ne, matar da ke haihuwa 'ya'yan suna komawa. Wasu roƙo ne kai tsaye. Barmani, irin sunan da marigayiya Hajiya Sa'adatu Barmani Coge ta Funtuwa, mai waƙar amada, ta yi fice da shi kafin rasuwarta a 2013, cewa ake yi a bar mani wannan. Wasu kuma nuna halin ko-in-kula ne, a kira yaro Ajuji ko Ayashe kamar ba a damu da shi ba, wai ko abin da ke ɗauke 'ya'yan zai raina shi ya ƙyale shi. Yarbawa ma suna da irinsu, kamar Malomo, wato kada ka sake tafiya. Duk inda kika ji irin wannan suna, ki san akwai uwar da ta sha kuka kafin a same shi. Ba abin dariya ba ne, kuma ba abin gori ba ne.

Rai da ajali na Allah ne, babu mai ja. Amma Allah ɗin ya hore mana sanin wasu dalilai da kakanninmu ba su sani ba. Ɗaya daga cikinsu ciwon sikila ne, wanda ake kira amosanin jini. Idan miji da mata duka jininsu AS ne, su lafiyarsu ƙalau, amma kowane ciki da aka samu yana da kaso 1 cikin 4 na zuwa da SS, wato mai ciwon. Kin ga ke nan daga ɓangarorin biyu abin yake fitowa, bai kamata a ɗora wa mace ita kaɗai laifi ba, har a yi mata kishiya da gori a kai. Gwajin jini ke nuna wannan, kuma a 2024 jihar Kano ta kafa dokar da ta wajabta gwajin lafiya kafin aure, har da na sikila. Wanda aka riga aka haifa da ciwon ma, idan an gano da wuri ana kula da shi a asibiti, yana girma ya yi karatu ya yi aure.

Wani dalilin shi ne ciwon sarƙe-haƙora na jarirai, wanda ya fi kamawa cikin mako biyun farko, sau da yawa daidai kwanakin suna. Jariri ya daina kama nono, jikinsa ya riƙa sandarewa, sai a ce iska ce ko mayu. Alhali ƙwayar cuta ce ke shiga ta cibiya, idan an yanke ta da reza marar tsabta ko an shafa mata abin da bai dace ba. Allurar rigakafin da ake yi wa mai ciki a wajen awo tana kare uwa da jariri. Ga kuma ƙyanda, ga gudawa, ga zazzaɓin cizon sauro, duk suna da rigakafi ko magani. Don haka 'yar'uwa, idan kin taɓa rasa ɗa ɗaya ko biyu, ki zauna da maigida cikin ladabi, ki nemi izininsa ku je asibiti tare a duba ku, ki riƙa zuwa awo, a kai jariri rigakafi, a kwana cikin gidan sauro. Ranar suna kuma a tabbatar kayan aikin wanzami masu tsabta ne, cire beli kuwa likitoci sun yi gargaɗi a kansa saboda zubar jini da shigar cuta. A sa wa yaro suna mai daɗi, a yi addu'a, a kuma nemi magani. Rigakafi ya fi magani.

To wane suna ya kamata a zaɓa? Hadisi ya nuna cewa sunayen da Allah ya fi so su ne Abdullahi da Abdurrahman. Annabi (SAW) kuma yakan canza suna idan ma'anarsa ba ta da kyau. Wata 'yar Sayyidina Umar sunanta na nufin mai saɓo, ya mai da ita Jamila, wato kyakkyawa. A kunnen Bahaushe wancan suna ya yi kama da Asiya, amma a rubutun Larabci harufansu daban ne, Asiya matar Fir'auna baiwar Allah ce da hadisi ya yaba, don haka mai wannan suna kada ta damu. Darasin shi ne a san ma'ana kafin a sa. Yanzu an shiga yayin sababbin sunaye, wani a fim aka ji shi, wani a waya aka gani, wani kuma buɗe Alƙur'ani aka yi aka ɗauki kalmar da ta yi daɗin faɗa. Ba kowace kalma ce a cikin Alƙur'ani ta dace da suna ba, domin a ciki akwai sunan wuta, akwai na azaba, akwai na Fir'auna. Sabon suna ba laifi ba ne, amma ki sa maigida ya tambayi malami, ko ke ki tambayi malamarku ta Islamiyya. Matambayi ba ya ɓata. Haka kuma sunayen da suka fara da Abdul, a riƙa cika su. Abdul shi kaɗai bawan wa ke nan? Kiran Abdurrahman da Rahman kawai kuwa malamai sun hana, don wannan sunan Allah ne.

Ki kula da laƙabin da ke fita daga bakinki. Suratul Hujurati, aya ta 11, ta hana mu jifan juna da miyagun laƙubba. Yaro ya yi fitsarin kwance sau biyu, sai a laƙa masa suna a kai. Yarinya baƙa ce ko gajera ce ko tana da in'ina, sai kishiyar uwa ko 'yan'uwa su mai da abin suna, har ta yi aure yana bin ta. Mu kanmu iyaye, in rai ya ɓaci, mukan kira ɗan da muka haifa da sunan dabba ko abin da ya fi haka muni. Bakin uwa kaifi gare shi. Wadda ta sha wahalar wata tara da wankan jego ba ita ya kamata ta fara ɓata sunan ɗanta ba.

Abu na ƙarshe, maganar takarda. A ce yarinya sunanta na yanka A'isha, kakarta na ce mata Lami don ranar Alhamis aka haife ta, ke kina ce mata Ummi don sunan surukarki ta ci, ƙawayenta na ce mata Indo. A gida wannan ba matsala. Amma ranar da yayanta ya kai ta firamare ya rubuta Ummi, a asibiti an rubuta Lami, a Islamiyya A'ishatu, to an shuka rigima. Tun 2021 ba a rajistar jarrabawar JAMB sai da lambar shaidar ɗan ƙasa, wato NIN, kuma idan sunaye suka saɓa sai an sha zirga-zirga da kashe kuɗi kafin a gyara. Haka abin yake wajen fasfo na aikin Hajji da asusun banki. Dokar Nijeriya ta 1992 ta wajabta rajistar haihuwa, kuma Hukumar Ƙidayar Jama'a ta Ƙasa ce ke ba da takardar shaidar. Ki tuna wa maigida ya karɓo ta da wuri, da sunan yanka, da rubutu iri ɗaya. In Khadija aka rubuta, a tsaya a kan Khadija ko'ina, kada gobe a rubuta Hadiza. Masu 'yan'uwa a Nijar su ƙara lura, can da salon Faransanci ake rubutawa, Yusufu ko Isuhu ya koma Issoufou, A'ishatu ta koma Aïchatou. Takardar kuma ki adana ta inda kike adana zinarenki.

Kafin mu rabu ga ɗan aikin da zan ba ki. Yau da dare, bayan an ci tuwo, ki tara yaranki, ki gaya wa kowanne sunansa na yanka, da ma'anarsa, da wanda ya ci sunansa, da abin kirkin da mai sunan ya yi. In akwai tsohuwa a gidan, ki tambaye ta yadda aka yi ta samu sunan da ake kiran ta da shi, za ki ji tarihin gidan da ba ki taɓa ji ba.

A nan za mu dakata. Masu ciki Allah ya sauke ku lafiya, masu jego Allah ya raya, masu nema Allah ya ba su masu albarka, waɗanda suka rasa kuma Allah ya sa masu ceto ne. Allah ya sa 'ya'yanmu su yi halin masu sunansu na ƙwarai. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.